Tsarawa da Shirya Bidiyon Waƙa a Matsayin Aikin Jinga: Darasi Daga Manhajar Nazarin Kafofin Watsa Labarai ta Ingila

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan da ake koyarwa a manyan ajujuwan sakandare na ƙasar Ingila akwai wanda ake kira Nazarin Kafofin Watsa Labarai. A wannan darasi ɗalibi yakan nazarci jarida da rediyo da talabijin da fim da talla, sannan a buƙace shi da ya samar da wani aiki nasa na kansa domin a auna ko ya fahimci abin da ya karanta. Ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi farin jini a wurin ɗalibai da malamai shi ne bidiyon waƙa, wato gajeren fim na minti uku zuwa huɗu da ake ɗorawa a kan waƙar da aka riga aka rera.

Wannan maƙala za ta yi bayanin matsayin wannan aiki a manhajar Ingila, da tunanin masana da aka gina shi a kai, da matakan da ɗalibi ke bi tun daga zaɓen waƙa har zuwa miƙa aiki. Daga ƙarshe za ta dubi abin da masu tsara manhajar Hausa za su iya amfana da shi, ganin cewa yawancin waƙoƙin da matasan Hausawa suke saurare a yau tare da hoto suke zuwa musu.

2.0 Matsayin Aikin a Manhajar Ingila

Ɗalibai 'yan shekara 16 zuwa 18 ne suke yin wannan aiki, a matakin da ake kira A-Level. A ƙarƙashin tsarin da hukumar jarrabawa ta OCR ta fito da shi a 2008, ayyukan hannu ne suka ɗauki rabin makin darasin baki ɗaya. Ɗalibai sukan haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni bai wuce mutum 4 ba, su shirya bidiyo tare da wasu ƙananan ayyuka biyu, kamar bangon faifai da tallan mujalla. An kasa makin aikin 100 gida uku: 20 na bincike da tsari, 60 na ainihin aikin, 20 kuma na bayanin da ɗalibi zai yi yana auna abin da ya samar.

A 2017 aka yi wa manhajar garambawul. An rage makin aikin hannu ya koma kashi 30 cikin 100, saura 70 na rubutacciyar jarrabawa ne. Haka kuma an daina ba rukuni maki ɗaya. Kowane ɗalibi aikinsa daban, ko da yake an yarda ya nemi abokai su fito a hoto ko su riƙe masa fitila a ƙarƙashin umarninsa. Hukumar jarrabawa ce ke fitar da ƙa'idar aikin kowace shekara, ta faɗi irin waƙar da irin masu kallon da ake nufi, shi kuma ɗalibi ya rubuta bayanin manufarsa cikin kalmomi kimanin 500. Babban dalilin wannan sauyi shi ne wahalar tantance gudummawar kowane ɗalibi a aikin taro, domin sau da yawa mutum ɗaya ke ɗaukar nauyin aikin, saura su ci albarkacinsa.

Abin lura a nan shi ne ba gwanintar riƙe kyamara kaɗai ake aunawa ba. An gina darasin a kan ginshiƙai huɗu: harshen kafar watsa labarai, da yadda ake siffanta mutane da al'amura, da masana'antar da ke samar da aikin, da masu kallo. Bidiyon ɗalibi hujja ce da ke nuna ko ya iya aiki da waɗannan abubuwa huɗu a aikace.

3.0 Tunanin Masana a kan Bidiyon Waƙa

Haɗa waƙa da hoto mai motsi tsohon abu ne, amma bidiyon waƙa a matsayin hanyar tallata faifai ya kankama ne a tsakiyar shekarun 1970. Akan kawo misali da wanda ƙungiyar Queen ta Ingila ta yi wa waƙarta "Bohemian Rhapsody" a 1975. Buɗe tashar MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981 ya mayar da shi wajibi ga duk mawaƙin da ke neman kasuwa, sannan "Thriller" na Michael Jackson, wanda John Landis ya ba da umarni a 1983, ya nuna cewa bidiyon waƙa na iya zama cikakken gajeren fim mai labari. Da aka kafa YouTube a 2005, sai akalar ta fara komawa intanet daga talabijin.

Littafin da malaman wannan darasi suka fi dogara da shi shi ne na Andrew Goodwin mai suna Dancing in the Distraction Factory, wanda ya fito a 1992. Goodwin ya soki masu nazarin bidiyon waƙa da ma'aunin fim zalla, ya nuna cewa waƙar ce ke jan ragamar hoton. Daga aikinsa malamai suka tsamo alaƙa iri uku tsakanin waƙa da hoto. Domin a fahimce su, a ɗauka ɗalibi ya zaɓi waƙar da ke magana a kan manomi mai jiran ruwan shuka.

Ta farko ita ce kwatantawa, inda hoto ke nuna abin da baki ya faɗa: an ambaci hadari, an ga hadari ya haɗo daga gabas. Ta biyu ita ce faɗaɗawa, inda hoto ke ƙara wata ma'ana ba tare da ya bar jigon waƙar ba: ana rera zancen jiran ruwa, ana nuna uwargida tana auna abin da ya rage a rumbu. Ta uku ita ce saɓawa, inda hoto ke tafiya wata hanya dabam da gangan: ana rera zancen gona, ana nuna saurayi ɗan ci-rani yana tura baro a cikin cunkoson birni. Kwatantawa ta fi sauƙi, amma idan aka cika ta sai aikin ya zama maimaici. Saɓawa kuwa tana da haɗari, domin in ba a kula ba sai mai kallo ya kasa gane abin da ya haɗa hoton da waƙar. Shi ya sa malamai suka fi kwaɗaitar da ɗalibai faɗaɗawa.

Bayan wannan, Goodwin ya jawo hankali ga yawan nuna fuskar mawaƙi kusa-kusa, wanda buƙata ce ta kamfanin faifai domin a san mawaƙin a saya, da yadda kyamara ke kallon jikin mace, da yadda bidiyo ke aron siffofi daga fim da talabijin. Ita kuma Carol Vernallis, a littafinta Experiencing Music Video na 2004, ta nuna cewa yankan hoto a bidiyon waƙa yakan bi kiɗa ne, kuma yakan karya dokokin da fim ke kiyayewa domin labari ya tafi ba tangarɗa.

4.0 Matakan Shiri Kafin Ɗauka

Mafi yawan nasara ko faɗuwar aikin a wannan mataki ake yanke ta, tun kafin a taɓa kyamara.

4.1 Zaɓen Waƙa da Bincike

Waƙar da ta dace da aikin ɗalibi ita ce mai tsawon kimanin minti uku, mai kiɗa bayyananne, wadda sassanta suka bambanta da juna. Hukumar Eduqas ta yarda a yi amfani da waƙar wani mawaƙi, bisa sharaɗin cewa ba ta da bidiyo tun da farko, domin kada ɗalibi ya kwafi abin da aka riga aka yi. Bayan zaɓe, sai ɗalibi ya feɗe bidiyoyi uku ko huɗu na irin wannan waƙa, ya lura da sutura da wurare da launuka da saurin yankan hoto. Sannan ya tuntuɓi irin mutanen da yake son su kalli aikin, ta hanyar takardar tambayoyi ko tattaunawa da 'yan mutane kaɗan, kuma ya nuna a rubuce wane sauyi amsoshinsu suka kawo wa shirinsa.

4.2 Feɗe Waƙa da Lissafin Lokaci

Daga nan sai a rubuta kalmomin waƙar, a sa wa kowane layi daƙiƙar da ya fara da wadda ya ƙare. Lissafin da ke biye yana taimaka wa ɗalibi ya san girman aikin da ke gabansa. Idan kiɗa yana bugawa sau 120 a minti ɗaya, to bugu biyu ke nan a kowace daƙiƙa, kuma gaɓar kiɗa mai bugu huɗu tana cin daƙiƙa 2. Waƙar minti uku tana da daƙiƙa 180, wato gaɓa 90. In za a sauya hoto a kowace gaɓa ana buƙatar yanka 90, in kuwa bayan gaɓa biyu-biyu ne, 45. Ɗalibin da ya je wurin ɗauka da hotuna 15 a ransa zai tarar a teburin tacewa cewa ba shi da abin cike rabin waƙar.

A nan ne kuma ake yanke shawarar zubin bidiyon. Akwai na rerawa, inda ake ganin mawaƙi da makaɗa suna aikinsu. Akwai na labari, inda 'yan wasa ke fitar da wani gajeren zance. Akwai kuma wanda aka gina a kan wani tunani ko hoto guda da ake ta jujjuyawa. Yawancin ayyukan ɗalibai sukan gauraya na farko da na biyu, domin in wani ɓangare na labarin bai yi kyau ba, hoton rerawa zai toshe gurbin.

4.3 Takardun Shiri

Takarda ta farko ita ce zanen jerin hotuna, inda ake zana kowace ɗauka a cikin ɗan akwati, a rubuta girmanta (ta nesa, ko ta tsaka-tsaki, ko ta kusa), da motsin kyamara, da layin waƙar da za ta hau. Ba a buƙatar iya zane. Wasu malamai sukan sa a ɗauki hoton zanen a jera shi a kan waƙar a kwamfuta, a kalla, domin a ga inda tafiyar ta yi sanyi tun ba a kashe kuɗi ba. Takarda ta biyu ita ce jerin ɗauka bisa wuri, saboda ba a bin tsarin waƙa wajen ɗauka. Duk abin da za a yi a wuri ɗaya a rana ɗaya ake gama shi. Sauran su ne rahoton ziyarar wurin ɗauka, da takardar auna haɗari, da takardar izinin mai wuri, da amincewar iyaye ga duk wanda bai kai shekara 18 ba, da jadawalin da ke gaya wa kowa inda zai zo da lokaci da suturar da zai sa.

5.0 Ɗauka

Babban abin da ya raba ɗaukar bidiyon waƙa da ta fim shi ne ba a amfani da sautin da aka ɗauka a wurin. Ana kunna waƙar ne da ƙarfi a lasifika, mai fitowa yana bin ta da baki, abin da 'yan fim ɗin Hausa ke kira mamin. Wajibi ne ya haddace waƙar, kuma ya rera ta da murya sosai, domin mai motsa leɓe kawai ba a ganin numfashi da motsin maƙogwaro a tare da shi, kuma mai kallo yakan gane nan take. Rashin dacewar baki da murya na daga cikin manyan abubuwan da ke zubar da makin ɗalibai.

Hanyar da ta fi tsaro ita ce a ɗauki waƙar tun daga farko har ƙarshe sau da yawa: sau ɗaya daga nesa, sau ɗaya daga ƙugu zuwa kai, sau ɗaya fuska kaɗai, sannan a bi hannun makaɗi da kayan kiɗa. Kowace ɗauka a bar sautin lasifika ya shiga kyamara, domin da shi za a daidaita hoto da asalin waƙar daga baya. A ɓangaren labari kuwa, ana kiyaye dokar nan ta digiri 180, wato kyamara ta tsaya a gefe ɗaya na layin da ya haɗa mutum biyu masu fuskantar juna, in ba haka ba sai a ga kamar dukansu gefe ɗaya suke kallo, ba juna suke fuskanta ba.

A Ingila da Nijeriya ma'aunin talabijin shi ne firam 25 a daƙiƙa. Mai son tafiyar hawainiya a hoto alhali baki yana dacewa da waƙa sai ya ɗauka a firam 50, ya kunna waƙar da ninkin saurinta, mawaƙi ya bi ta haka. Idan aka mayar da hoton firam 25, jiki da tufafi za su riƙa motsi a hankali, leɓe kuma ya faɗa daidai kan kalma. Game da haske, rana tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido, saboda haka hantsi da la'asar sakaliya sun fi dacewa da ɗaukar waje. Kafin a watse, a kwafe abin da aka ɗauka a wuri biyu dabam-dabam.

6.0 Tacewa da Aunawa

A wajen tacewa, waƙar ake fara shimfiɗawa a kulle ta, a sa alama a kan bugun kiɗa. Sannan a jera dogayen ɗaukar rerawa a samanta, kowace a layinta, a daidaita su da murya, kafin a fara yanka ana sako hotunan labari. Makarantu sukan yi aiki da Adobe Premiere Pro ko Final Cut Pro, akwai kuma DaVinci Resolve da ake samun wani nau'insa kyauta. Sabon hannu yakan cika aikinsa da ƙyale-ƙyalen sauya hoto, alhali yanka kai tsaye a kan bugu ya fi tasiri. Idan aka gama zubin farko sai a nuna wa 'yan aji, a rubuta abin da suka ce, a gyara, wani lokaci ma a koma a sake ɗauka.

Malamin makaranta ne ke ba da maki bisa ma'aunin hukuma, sannan hukumar ta karɓi samfurin ayyukan ta duba ko makin ya yi daidai da na sauran makarantu. Wannan mataki na biyu shi ne ke kare mutuncin sakamakon.

7.0 Alaƙar Aikin da Manhajar Hausa

Tun bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, fim ɗin bidiyo ya zama babbar kafar adabin Hausa, kuma zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa sun zama jigon kasuwarsa. Muhawarar da hakan ta haifar na cikin dalilan kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Daga baya mawaƙa suka riƙa fitar da bidiyonsu ba tare da fim ba, tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta ware musu shiri irin Zafafa Goma. A matakin jami'a kuma, a 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta rarraba kwas ɗin Aikin Jarida zuwa fannoni bakwai, ciki har da na fim. Duk da haka nazarin waƙa a ajin Hausa bai cika wuce takarda ba.

Malamin Hausa yana da abin da takwaransa na Ingila ba shi da shi, wato ingantaccen tsarin feɗe waƙa na gida, irin wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa wa rubutacciyar waƙa, da wanda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa wa waƙar baka. Waɗannan ma'aunai suna hawa kan aikin bidiyo ba tare da tilastawa ba. Turken waƙa shi zai ba da tunanin bidiyon. Gindin waƙa, da yake ana komawa gare shi, sai a ba shi hoto guda da za a riƙa dawowa kansa, ɗiyan waƙa kuma su ɗauki labarin gaba. Karɓa-karɓar jagora da 'yan amshi tana nuna wa mai tacewa inda zai yanka. Ɗalibin da aka ce ya samo hoton da zai fitar da wani habaici ko kirari ba zai iya ba sai ya fahimci ma'anarsa, kuma zaɓen sutura da muhalli da kayan kiɗa jarrabawa ce a fannin al'adu. Ke nan aiki ɗaya ya taɓa harshe da adabi da al'adu.

Akwai matsaloli uku da ya kamata a yi wa tanadi. Ta farko haƙƙin mallaka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suna cikin kariya har ƙarshen 2069, na Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, har ƙarshen 2028. Dokar ta yi sassauci ga amfani domin koyarwa, amma ɗora aiki a intanet al'amari ne dabam da ke buƙatar izini. Mafita mafi sauƙi ita ce ɗalibai su tsara waƙarsu, ko su nemi rubutaccen izinin wani mawaƙi na garinsu. Ta biyu bambancin hali tsakanin makarantu. Wayar hannu ta isa ɗauka da tacewa, amma dole ma'aunin maki ya karkata ga tsari da ma'ana, kada kyan kyamara ya zama shi ne maki. Ta uku yardar iyaye da al'umma, musamman a kan fitowar 'yan mata da cuɗanyar maza da mata. Waƙoƙin gaɗa da na daɓe da na noma da na sana'a da na faɗakarwa fage ne mai faɗi da za a yi aiki a cikinsa ba tare da an shiga wannan rigima ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana yadda manhajar Ingila ta mayar da bidiyon waƙa hanyar auna fahimta, da matakan shiri da ɗauka da tacewa. Bisa wannan ana ba da shawarar a fara gwada aikin a kwalejojin ilimi da sassan Hausa na jami'o'i, inda ake horar da malaman gobe, kafin a sauko da shi sakandare. Zango ɗaya ya isa: mako huɗu na bincike da feɗe waƙa, uku na takardun shiri, biyu na ɗauka, uku na tacewa da bayani. Tun da ƙarancin kayan aiki zai tilasta aikin rukuni, sai kowane ɗalibi ya miƙa nasa fayil na shiri, ya kuma kare aikinsa da baki cikin Hausa a gaban malamai biyu. Haka kuma akwai buƙatar masana harshe su zauna da masu sana'ar fim a Kano da Kaduna da Jos domin a daidaita kalmomin fannu na ɗauka da tacewa kafin a rubuta jagoran malami.